Daga jaruma Rosy zuwa rahoton kwamitin Hema: wa ke da muryar mace a fina-finan Malayalam?

Ɗanliti:
Salamu alaikum jama'a. A duk masana'antun fim na Indiya, ni a ganina ta Malayalam, wato ta jihar Kerala, ita ce ta fi mutunta mace. A fina-finan Telugu da ake fassara mana, jaruma waƙa uku ce da kuka ɗaya, shi ke nan aikinta ya ƙare. Amma a dubi The Great Indian Kitchen na 2021 ko Uyare na 2019, mace ce ke ɗauke da labarin tun daga farko har ƙarshe. Manyanmu da suka san tarihin, haka abin yake tun asali?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka haɗa abu biyu ne a kwano ɗaya: rawar da aka rubuta wa mace a cikin labari, da matsayin 'yar wasan a wurin aiki. Kerala ta yi zarra a na farko, a na biyu kuwa labarin daban ne, kuma tun ranar farko.

Fim ɗinsu na fari shi ne Vigathakumaran, marar magana, wanda J.C. Daniel ya fara a 1928. A lokacin ba gidan da zai bar 'yarsa ta fito a allo, har sai da Daniel ya je Bombay neman jaruma, aka kasa daidaitawa. Daga nan ya samu P.K. Rosy, yarinya 'yar Dalit, wato mutanen da tsarin asali na Hindu ya ajiye a can ƙasa har ake ƙyamar taɓa su. Ta saba wasan daɓe na gargajiya. Aka ba ta rawar Sarojini, mace 'yar Nair, masu babban asali. Da aka haska fim ɗin a sinimar Capitol ta Thiruvananthapuram, 'yan kallo masu asali suka tayar da hankali, suka yi ta jifan allo. Aka ƙone gidansu, ta gudu ƙasar Tamil a cikin babbar mota, ta auri direban, ta ƙarasa rayuwarta da wani suna. Ko kwafi ɗaya na fim ɗin bai tsira ba. Sai bayan shekaru masu yawa 'yan jarida suka tono labarinta, aka yi fim ɗin Celluloid a 2013 kan Daniel da ita.

Laifinta a wurinsu ba fitowa a fim kaɗai ba ne. 'Yar ƙasa ce ta sa tufafin 'yar sama.

Malam Sabo:
Gaskiya ne Hajiya, amma kada mu tauye wa Ɗanliti hujjarsa, don tana da tushe. Abin da ya bambanta Kerala shi ne fim ɗinsu daga adabi da wasan daɓe ya taso. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta KPAC, wadda ke da alaƙa da jam'iyyar kwaminis, ita ta horar da marubuta da 'yan wasa da yawa. Marubucin labari kuwa yana son hali mai nauyi, namiji ne ko mace.

A lura da uku. Neelakuyil, 1954: Miss Kumari ta fito a matsayin Neeli, 'yar Dalit da malamin makaranta mai asali ya yi wa ciki ya ƙi ta, ta mutu a bakin layin dogo ta bar jariri. Chemmeen, 1965, na Ramu Kariat daga littafin Thakazhi: Sheela ce Karuthamma, 'yar masunta, kuma shi ne fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa. Thulabharam, 1968: Sharada ce uwar da aka kashe mijinta ɗan ƙungiyar ƙwadago, yunwa ta sa ta ba 'ya'yanta uku guba. Da wannan ta ci kambun gwarzuwar jaruma ta ƙasa, ta sake ci da Swayamvaram na Adoor Gopalakrishnan a 1972. A lokacin sunan lambar Urvashi, shi ya sa har yau ake ce mata Urvashi Sharada.

Hajiya Binta:
Malam, ka sake karanta jerin naka. Neeli ta mutu, Karuthamma teku ta turo gawarta, uwar Thulabharam hukuncin kisa aka yanke mata. Mace tana tsakiyar labari, amma a matsayin wadda za a yi wa kuka. Chemmeen ma ya fi wayo: duk labarin ya rataya ne kan imanin masunta cewa in matar mai kwale-kwale ta ci amana, uwar teku za ta haɗiye mijin. To fim ɗin ya ƙaryata wannan imani? Mijin ya nutse a daren da ta fita wurin Pareekutty, tsohon saurayinta. Ka ga an tabbatar da shi ke nan. A Neelakuyil kuwa wanda aka ba damar tuba da gyara hali malamin ne, ita an gama da ita tun tsakiyar fim.

Malam Sabo:
Na yarda da Neelakuyil. Chemmeen ban yarda ba. Wanda ya rusa rayuwar yarinyar ubanta ne, da kwaɗayin mallakar kwale-kwale da koma, ya ci kuɗin saurayin ya tsiyata shi. Mai kallo uban yake zargi, ba ita ba.

Ummin Zango:
Baba Sabo, a bar ni in sa sunan da ake yawan mantawa: Nilambur Ayisha, Musulma daga yankin Malabar. An yi mata auren wuri da dattijo, auren bai daɗe ba, ta hau dandali a shekarun 1950 tana da kamar shekara 16. An jefe ta da dutse tana cikin wasa, an taɓa harbinta ma a kan dandali aka kuskure. Ta fito a Kandam Becha Kottu na 1961, fim ɗin Malayalam mai launi na farko. Da aiki ya yanke sai ta tafi Saudiyya aikatau na shekaru masu yawa, ta dawo ta ci gaba da wasa. Gardamar da aka yi a kanta, ta ko ya dace 'yar Musulmi ta tsaya gaban maza tana wasa, mu nan ba baƙuwa ba ce a kunnenmu.

Injiniya Habu:
Akwai ɓangaren da mai kallon fassara ba zai taɓa ganewa ba, shi ne murya. Shekaru da dama ba a ɗaukar sauti a lokeshin, saboda kyamarorin da suna da ƙara kuma ana aiki a waje. Abin da ake yi: a ɗauki sautin jagora kawai, wanda ba za a yi amfani da shi ba. In an gama tace hoto, sai a yanka shi gajeru-gajeru, kowane yanki yana juyawa a allon situdiyo, mai ɗora murya yana kallon leɓe yana maimaitawa har baki ya dace da magana.

Jarumai maza su ke ɗora wa kansu. Muryar manyan jarumai irin su Mammootty ko Mohanlal rabin jarinsu ce, ba mai taɓa ta. Jarumai mata kuwa yawanci wata ce ke yi musu. T.R. Omana ta yi wa Sharada a fina-finai da dama, don ita Sharada 'yar Telugu ce. Daga baya mata kaɗan, irin su Anandavally, Bhagyalakshmi da Sreeja Ravi, su suka riƙe muryar kusan duk wata jaruma ta shekarun 1980 zuwa 2000. Har 'yan Kerala na asali ana yi musu: Sreeja ce muryar Kavya Madhavan a yawancin fina-finanta, ita kuma Kavya daga can arewacin jihar take inda karin harshen ya bambanta.

Illar guda uku ce. Furodusa zai iya ɗauko kyakkyawar fuska daga ko'ina ko ba ta jin kalma ɗaya, mataimakin darakta yana karanta mata tana bi. Jaruma ta zama abin da ake sauyawa cikin sauƙi, don fuska ta canza amma muryar da 'yan kallo suka saba da ita tana nan. Sannan mata a allo duk suka koma magana iri ɗaya, siririya mai laushi.

Misalin da kowa zai gane: Manichitrathazhu na Fazil, 1993, wanda shi aka maimaita da Hindi a matsayin Bhool Bhulaiyaa a 2007 da Vidya Balan. Shobana ta ci kambun ƙasa da shi, kuma ta cancanta, rawar da idon nan nata ne. Amma Bhagyalakshmi ce muryar Ganga, rawar da Shobana ta taka, sashen da Ganga ke rikiɗewa ta zama Nagavalli mai magana da harshen Tamil kuwa wata mai suna Durga ce ta yi, sai bayan fiye da shekara 20 aka bayyana sunanta a fili.

Ɗanliti:
To Injiniya, 'yar wasa KPAC Lalitha fa? A Mathilukal na 1990 ba a ga fuskarta ko sau ɗaya ba, murya ce kawai daga bayan katangar kurkuku tana hira da Mammootty, amma kowa ya san ita ce. Ga wata jarumar mai suna Urvashi, wadda ke yin barkwanci kafaɗa da kafaɗa da maza. Ga Monisha da ta ci kambun ƙasa da Nakhakshathangal na 1986 ba ta wuce shekara 16 ba. Wannan zamani ai ba a ce an danne mata ba.

Hajiya Binta:
Shekarun 1980 su ne mafi kyau, ban musa ba. K.G. George ya yi Adaminte Variyellu kan mata uku, mai kuɗi da ma'aikaciya da 'yar aikin gida, ya nuna duk tukunya ɗaya ke dafa su, kuma a ƙarshe matan gidan marasa galihu suka ɓalle ƙofa suka ruga har suka wuce kyamara. Daraktoci Padmarajan da Bharathan sun rubuta mata masu son ransu. Amma ka lura Lalitha ba jaruma ba ce a ma'anar kasuwa, 'yar wasan hali ce: uwa, suruka, maƙwabciya. Waɗannan su ke daɗewa. Ta yi fim fiye da 500, ta ci kambun ƙasa na mataimakiyar jaruma sau biyu, da Amaram da Shantham. Farashin daɗewar shi ne a tsufar da ke da wuri. Kaviyoor Ponnamma tana da kimanin shekara 20 ta fito uwar jarumi Sathyan a Thommante Makkal na 1965, shi kuwa an haife shi 1912. Ya girme ta da fiye da shekara 30.

Abin da ya ɓata lamarin daga baya kuɗi ne. Tashar talabijin ta Asianet ta fara watsa shirye-shirye a 1993, Surya ta biyo a 1998, kuɗin sayar wa talabijin haƙƙin haska fim ya zama babban kason jarin furodusa. Tashar kuwa sunan jarumi take saye, sau da yawa kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Saboda haka tsarin aiki ya juye: a fara samun ranakun jarumi, a rubuta labari daidai jikinsa, a ƙarshe a nemo wadda za ta tsaya gefensa. Nan aka samu fina-finai irin The King na 1995, inda jarumi ke tsare babbar jami'ar gwamnati ya tuna mata cewa ita mace ce kawai, sinima ta ɗauki tafi.

Sai aure. Manju Warrier ta yi kusan shekara uku kacal tana tashe, daga Sallapam na 1996 zuwa Kannezhuthi Pottum Thottu na 1999, ta yi aure ta ɓace, sai 2014 ta dawo da How Old Are You. Sheela, wadda ta fito da jarumi Prem Nazir a fim 130, ta yi kusan shekara 20 ba a gan ta ba kafin Manassinakkare a 2003. Shi jarumi ba ya hutun aure.

Malam Sabo:
Akwai ɗan lokacin da sunan mace ya sayar da fim shi kaɗai, sai dai ba abin alfahari ba ne. A 2000 masana'antar ta shiga mawuyacin hali, manyan fina-finai suna faɗuwa. Kinnarathumbikal, fim ɗin batsa-batsa da Shakeela ta fito, an yi shi da kusan rupi miliyan 1.2 ya kawo kusan miliyan 40. Shekara biyu zuwa uku irin waɗannan su suka hana ƙananan sinimomi rufewa. Masu sinima da dillalai suka ci riba, ita aka bar ta da tambarin. Kuma a lura, yawancin matan da aka sa a irin waɗannan fina-finai daga wajen Kerala aka ɗauko su.

Barista Rabi:
Bari in shigo da ɓangaren doka, don nan ne maganar Hajiya ta samu shaidar hukuma. Ranar 17 ga Fabrairu 2017 aka sace wata fitacciyar jaruma a cikin motar da ke kai ta Kochi, aka ci zarafinta, aka ɗauki bidiyo. Ta kai ƙara wurin 'yan sanda, abin da ba a saba ba. A watan Mayu na shekarar wasu mata suka kafa ƙungiyar matan fim ta WCC, cikinsu akwai Parvathy Thiruvothu, Rima Kallingal, Revathi, darakta Anjali Menon da mai tace hoto Bina Paul. Suka gana da babban ministan jihar, Pinarayi Vijayan, gwamnati ta naɗa kwamitin mutum uku: tsohuwar alƙaliyar babbar kotu K. Hema, tsohuwar jami'ar gwamnati K.B. Valsala Kumari, da ita Sharada ɗin nan ta Thulabharam.

Sun miƙa rahoto ranar 31 ga Disamba 2019. Gwamnati ta zauna a kansa fiye da shekara huɗu da rabi, da hujjar kare sirrin masu ba da shaida. Sai da hukumar 'yancin samun bayanai ta jihar ta ba da umarni aka sake shi ranar 19 ga Agusta 2024, an cire sunaye da wasu shafuka.

Jaridu sun fi ɗaukar maganar neman lalata kafin a ba da rawa, da ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin otal da tsakar dare. Amma matsaloli 17 rahoton ya jera, kuma da yawansu na aikin yau da kullum ne. Babu banɗaki ko wurin sauya kaya a lokeshin waje, har mata kan ƙi shan ruwa wuni guda, ciwon mafitsara ya biyo baya. Babu rubutacciyar yarjejeniya sai ga manyan jarumai, don haka a tsakiyar aiki za a iya ƙara fitowar da ba a yi maganarta ba ko a rage kuɗi. 'Yan cika fage, waɗanda dillali ke kawowa, kan yi awanni masu yawa ba abinci ba motar komawa gida, dillalin ya yanki nasa. Sannan akwai gungun maza 10 zuwa 15, jarumai da furodusoshi da daraktoci, da ke iya hana mutum aiki ba tare da an rubuta komai ba. Waya kawai za a buga.

Ɗanliti:
Ranki ya daɗe, to me ya biyo baya? Ko tashin ƙura ne kawai?

Barista Rabi:
Cikin kwana goma babban sakataren ƙungiyar 'yan wasa ta AMMA ya sauka, shugaban cibiyar fina-finai ta jihar ya sauka, ranar 27 ga Agusta Mohanlal ya ajiye shugabancin AMMA tare da duk majalisarsa. An kafa tawagar 'yan sanda ta musamman. Sai dai yawancin ƙararrakin da aka buɗe daga bayanan rahoton an rufe su, saboda matan sun ba kwamitin shaida ne bisa alkawarin sirri, ba su yarda su maimaita ta gaban 'yan sanda ba. A Agusta 2025 aka zaɓi Shwetha Menon shugabar AMMA, mace ta farko tun kafa ƙungiyar a 1994.

Ummin Zango:
Yaya Ɗanliti, ka kuma duba 2024, shekarar da fina-finan Malayalam suka kawo kuɗi fiye da kowace shekara kafin ta. Manjummel Boys, Aavesham, Bramayugam: ka ƙirga mintunan da mace ta yi magana a cikinsu. Har Anjali Menon ta fito ta tambaya ina matan suke. Shi kansa The Great Indian Kitchen da ka kawo, manyan dandalin haska fim na intanet sun ƙi shi da farko, a ƙaramin dandali mai suna Neestream ya fito a Janairu 2021, sai da ya yi suna Amazon ta ɗauka.

Ba wai babu masu kyau ba. Take Off na 2017, kan ma'aikatan jinya 46 da aka tsare a Iraƙi a 2014, ya ba Parvathy kambun gwarzuwar jaruma a bikin fina-finai na Goa. Aattam, inda 'yan ƙungiyar wasa maza suka zauna yanke hukunci kan ƙorafin mace ɗaya tilo da ke cikinsu, ya ci kambun fim mafi kyau na ƙasa. Ullozhukku ya haɗa Urvashi da Parvathy a matsayin suruka da matar ɗa, gawa a ajiye, ambaliya ta hana binnewa. Amma duk ƙananan jari ne.

Ɗanliti:
Sai Lokah ya zo a 2025 ya karya wannan. Kalyani Priyadarshan ce jaruma, ya haura rupi biliyan 3, ya zarce fina-finan manyan jaruman maza. Kuma Santhy Balachandran, mace, tana cikin marubutansa.

Malam Sabo:
Wani abin lura a gefe: jarumar Lokah daga tatsuniyar Kalliyankattu Neeli aka ciro ta, aljanar da ke halaka maza. Aljana mai ramuwa ita ce macen da fim ɗin Malayalam ya daɗe yana yarje wa ƙarfi, tun Bhargavi Nilayam na 1964. Jarumar wancan fim, Vijaya Nirmala, ita ce ta ba da umarnin Kavitha a 1973, mace ta farko da ta yi darakta a harshen. Sheela ta biyo da Yakshagaanam a 1976. Daga nan sai da aka jira 2016 kafin mace, Vidhu Vincent, ta ci kambun gwarzon darakta na jihar da fim ɗin Manhole. Shi ya sa daga 2019 hukumar bunƙasa fim ta jihar ta fara ware rupi miliyan 15 ga kowane fim na darakta mace da ta ci gasar rubutu. Fina-finan Nishiddho da Divorce daga nan suka fito.

Injiniya Habu:
Barista, tambaya ta aiki. An ce yanzu kowane lokeshin dole ya kafa kwamitin karɓar ƙorafi. Yaya tsarinsa?

Barista Rabi:
Babbar kotun Kerala ce ta yanke haka a Maris 2022 a ƙarar da WCC ta shigar. Ta ce kowace tawagar shirya fim ma'aikata ce a ƙarƙashin dokar hana cin zarafin mata a wurin aiki ta 2013. Dokar ta shafi duk wurin da ke da ma'aikata 10 ko fiye. Shugabar kwamiti dole ta zama mace mai babban matsayi, aƙalla rabin mambobi mata, da mutum ɗaya daga waje, daga ƙungiya mai zaman kanta ko wanda ya san harkar. Mai ƙorafi tana da wata uku daga ranar da abin ya faru, kwamiti kuma yana da kwana 90 ya kammala bincike.

Inda yake cijewa wuri uku ne. Na farko, furodusa ke naɗa mambobin, shi ke biyansu, wani lokaci shi ake ƙara ko jarumin da duk jarinsa ya rataya a kansa. Shi ya sa kwamitin Hema bai aminta da wannan tsari ba, ya ba da shawarar a yi sabuwar doka da kotu ta musamman mai zaman kanta. Na biyu, neman lalata ya fi faruwa tun wajen tantance 'yan wasa, kafin a ɗauki mutum aiki, lokacin ba a ma kafa kwamitin ba. Na uku lissafi ne: ɗaukar matsakaicin fim wata ɗaya zuwa biyu ne, daga nan tawaga ta watse kowa ya kama wani aiki. Wadda ta jira aka biya ta ragowar kuɗinta kafin ta yi magana, har yanzu tana cikin wata ukunta a doka, amma shugabar kwamitin tana wani lokeshin a wani gari, a ƙarƙashin wani furodusa.